Fudin ɗin Kirsimeti a tukunyar lantarki: wa ya taɓa gwadawa?

Maman Hanif, Manchesta
Assalamu alaikum mutanen gidan nan. Ina da tambaya, amma don Allah kar a yi min dariya. Akwai wata tsohuwar Baturiya maƙwabciyata, yarana Kaka suke ce mata. Shekara huɗu ke nan muna jere, ita ke karɓar mana saƙo idan ba ma nan, duk Sallah kuma sai na kai mata nama da cincin. Ita kuma duk Kirsimeti sai ta kawo mana fudin ɗin nan nasu baƙi mai zabibi, na kanti, mu karɓa mu yi godiya, mu kasa ci saboda giyar da ke ciki. Bana ta gano. Ta ce ai da da hannunta take yi, ciwon gaɓoɓi ne ya hana ta tsayuwa kan tukunya awa takwas. Sai na ji bakina ya ce zan yi mana wanda babu giya mu ci tare. To ga shi na yi alkawari, ban san ta inda ake farawa ba. Ina da tukunyar lantarkin nan mai dahuwa a hankali, silo kuka, wadda nake farfesun ƙafar saniya a ciki. Za ta yi?

Ummi, Kano
Silo kuka kuma? Ni da na gani na zaci sabuwar miyar kuka ce ta shigo daga Turai.

Hajiya Binta, Lesta
Wa alaikumus salam. Za ta yi, har ma ta fi tukunyar kan wuta. Shekara shida ina yi wa abokan aikin maigidan, kuma ban taɓa sa ɗigon giya ba. Ki fara fahimtar abu ɗaya, ƙanwata: wannan ba kek ba ne, ba a gasa shi. Turara shi ake yi, kamar alala, sai dai alala minti arba'in ta ishe ta, shi kuwa yini guda yake ci. Wahalar tukunyar kan wuta ita ce ruwa na ƙonewa, dole kowane rabin awa ki leƙa ki ƙara. Ta lantarki kuwa tururin na taruwa a murfi ya koma ciki, sai ki yi awa goma ba ki ƙara ko kofi ɗaya ba.

Ga ma'aunina na kwano mai cin lita 1.2. Busassun 'ya'yan itace giram 500 gaba ɗaya: ina haɗa zabibi baƙi, da zabibi mai ruwan zinare, da ƙananan nan da suke kira karant, da yankakken dabino wajen giram 100. Kitse giram 100, garin busasshen burodi giram 100, fulawa giram 75, sukari mai duhu giram 125, ƙwai 2, tuffa ɗaya a goge ta, da gogaggen ɓawon lemon zaƙi ɗaya da na lemon tsami ɗaya. Kayan ƙamshi kuma kirfa, kanumfari, gyaɗar ƙamshi da ɗan garin citta, duka kada su wuce ƙaramin cokali biyu. Gishiri ɗan taɓawa. A madadin giya, ki dafa baƙin shayi mai ƙarfi, ki haɗa da ruwan lemon zaƙi su kai mililita 150, ki jiƙa 'ya'yan itacen a ciki su kwana. Da safe za ki ga sun kumbura sun shanye. Sai ki zuba sauran kayan ki juya da muciya.

Maman Hanif, Manchesta
Allah ya saka da alheri Hajiya. Kitse fa? Wane iri? Ba zan iya sa bota ba?

Hajiya Binta, Lesta
Kitsen da ke lulluɓe da ƙodar saniya, mai tauri mai farfashewa a hannu. Ki je wurin mahaucin halal, ko na unguwar Cheetham Hill ko na Rusholme a nan garinku, ki ce kitsen ƙoda kike so, wani ma kyauta zai ba ki. Ki cire yanar, ki sa a firiza ya daskare, ki goga a magogi, ki barbaɗa masa fulawa kada ya dunƙule. In ba kya son wahala, akwai na kwali mai suna Atora, amma ki duba da kyau ki ɗauki na mai na tsirrai, domin na kitsen saniya ba ki san yankan ba. Abin ban sha'awa ma, a garinku aka fara yin Atora ɗin, tun 1893.

Dakta Hadiza, Abadin
Bari in ƙara kan maganar bota, don akwai dalili. Bota tana narkewa da ɗumin hannu ma. Kitsen ƙoda kuwa sai zafi ya kai wajen digiri 45 zuwa 50. Saboda haka yana daɗewa a cikin ƙullun bai narke ba, idan ya narke sai ya bar 'yan ramuka a ciki. Su ne ke hana fudin ya zama dunƙulen dutse. Da bota zai yi daɗi, amma zai fi nauyi da maiƙo. Idan dole sai botar, a daskarar da ita a goga kamar kitsen, ya fi a narkar.

Anti Saratu, Jos
Kai, kun tuna min da Mama, Allah ya ji ƙanta. Ita ta koya a hannun matan mishan, kuma a gwangwanin madarar gari take yi, cikin babbar tukunya a kan murhu, daga safe har yamma ana tura itace. Mu ne 'yan tura itacen. Amma Hajiya, ki yi haƙuri, ni ban yarda fudin marar giya fudin ba ne. Ba don buguwa ake sawa ba. Ita ce ke sa a yi shi tun Nuwamba a ajiye har Kirsimeti bai lalace ba, yana ƙara ɗanɗano. Ai ranar yin sa ma sananniya ce a cocin Angilika: Lahadin ƙarshe kafin makonni huɗun jiran Kirsimeti. Addu'ar ranar a tsohon littafin addu'a tana farawa da roƙon Ubangiji ya motsa zukatan bayinsa, kuma kalmar motsawar ita ce dai kalmar juya ƙullu a Turanci. Sai matan Ingila suka mai da ita tuni, an taso daga coci a je a juya fudin. Kowa a gidan sai ya kama muciya ya juya sau ɗaya ya yi fata a ransa. Kuma ba lallai abin ya dame ku ba, tunda bayan awa goma a wuta ai giyar ta gudu.

Dakta Hadiza, Abadin
Anti Saratu, a nan ne zan saɓa miki da ladabi. Ba ta gudu duka. An auna wannan a Amurka tun 1992: abincin da aka dafa da giya har awa biyu da rabi yana riƙe da kusan kashi 5 cikin 100 na barasar, wanda kuma aka zuba wa aka cinna wa wuta yana riƙe da kusan kashi 75. Wancan ma ba a rufe yake ruf kamar fudin ba, shi da ake ɗaure wa baki da takarda da foyil. Bayan haka kuma masu yi suna tsattsaga shi da tsinke suna ƙara masa giyar burandi lokaci-lokaci yana ajiye, sannan ranar ci a sake zuba wa a kunna. Wanda ya ce ba ya ci yana da hujja.

Anti Saratu, Jos
To, likita ta yi magana. Ban san da wannan lissafin ba. Amma maganar ajiya fa tana nan.

Hajiya Binta, Lesta
Wannan kam gaskiyarki ce Anti, ba na musu. Shekarar farko na bi Turawa na yi tun Nuwamba na ajiye a kabad, ranar da na buɗe na tarar ya yi furfura. Na zubar ina ta takaici, zabibin kaɗai kuɗi ne. Tun daga nan ko dai in yi ana saura kwana biyar in sa a firij, ko in yi da wuri, ya huce sarai, in canza masa sabuwar takarda, in naɗe in jefa firiza. Amma batun ɗanɗano ban sallama ba. Abin da ke ba shi wannan baƙin da ɗan ɗacin nan mai daɗi doguwar dahuwa ce da sukari mai duhu. Baƙin shayi yana cike gurbin baƙar giyarsu fiye da yadda kike zato.

Malam Nura, Kaduna
Ni dai tambayata, ina ruwanmu da abincin bikin wasu? Ga alkaki, ga nakiya, ga dubulan. Sun ƙare ne?

Maman Hanif, Manchesta
Malam, ba su ƙare ba, ta ci dubulan ɗina har ta nemi ƙari. Ba biki zan yi ba. Tsohuwa ce mai shekara tamanin da 'yan kai, 'ya'yanta na nesa, ta shekara huɗu tana cin namu mu muna ajiye nata a gefe. Kunya ce ta ishe ni.

Anti Saratu, Jos
Malam Nura, naman Sallar da maƙwabtana ke aiko min duk shekara, in dawo da shi ke nan?

Shugabar zaure
Jama'a, nan wurin girki ne. Mai neman fatawa ya san inda malamai suke. A ci gaba da maganar tukunya.

Malam Nura, Kaduna
Na ji. Allah ya ba da ladan maƙwabtaka. Amma in an gama a sa mana hoto mu ga abin da ake ta wa wannan hidima.

Maman Hanif, Manchesta
Hajiya, na haɗa ƙullun jiya, gidan har ya ɗau ƙamshi. Amma ga matsala. Na sayo kwanon tangaran, na sa a tukunyar, murfi ya ƙi rufuwa. Ya ɗaga kusan yatsa biyu.

Hajiya Binta, Lesta
Kash, laifina ne, da na ce ki gwada kwanon a tukunya tun kafin ki saya. Kowa sai ya faɗa wannan ramin sau ɗaya. Kin kifa ƙaramin faranti a ƙasa ne? In kin sa, cire shi. A tukunyar kan wuta ne ake buƙatarsa don gindin kwano kada ya taɓa ƙarfe mai zafi. Ta lantarki zafinta a hankali yake, ki ninka foyil ko ɗan tsumma mai tsabta ki shimfiɗa, ya isa. In duk da haka bai rufu ba, ki rufe bakin tukunyar da foyil ninki biyu, ki matse gefe da gefe sosai, ki ɗora murfin a kai. Ko kuma ki raba ƙullun a ƙananan kwanuka biyu, wanda ni shi na fi so, ɗaya naku ɗaya na Kaka.

Sauran bayanin tun kafin ki tambaya. Ki shafe cikin kwanon da mai, ki yanka takardar gashi daidai gindinsa ki shimfiɗa, in ba haka ba ranar kifewa rabi zai fito rabi ya zauna. Ki zuba ƙullun ki danna da bayan cokali, ki bar kamar yatsa biyu daga baki don yana ɗan tashi. Ki ɗora takardar gashi a kan foyil, ki yi musu ninki ɗaya a tsakiya kamar tattarar siket, don ya sami wurin numfashi. Ki rufe, takarda a ciki foyil a waje, ki ɗaure da zare mai ƙwari a ƙarƙashin leɓen kwanon, ki yi wa zaren hannu ta sama don ɗagowa. Ruwa kuma tafasasshe za ki zuba daga buta, ba na famfo ba, ya kai rabin kwanon ko ya ɗan haura. Kada ya taɓa foyil. Ki murɗa zuwa High, wato mafi zafi. Babban kwano awa goma, ƙanana awa bakwai zuwa takwas. Kuma ki cire hannunki daga murfin! Duk buɗewa ɗaya zafi ne kike zubarwa.

Ummi, Kano
Awa goma! Lallai mai haƙuri shi ke dafa dutse. Mu nan wa zai ba mu wutar awa goma a jere? Sai dai mu bi hanyar Maman Anti Saratu, gwangwani da gawayi.

Injiniya Auwal, Kano
Ummi, abin bai kai yadda kike tsoro ba. Irin tukunyar nan ba ta cin wuta, yawancinsu wat 150 zuwa 250 ne. Ki ɗauka 200, sau awa goma, yunit biyu ke nan. Dutsen guga ya ninka ta sau biyar ko fiye. Mai sola da batir mai ɗan ƙarfi zai iya, musamman in ya kunna da safe rana ta ɗauki nauyin. Abu biyu dai za a kula. Mai maɓallin murɗawa in an ɗauke wuta aka dawo da ita ci gaba take yi, mai allon lambobi kuwa da yawansu tsayawa suke sai an sake saita su. Na biyu, wadda aka kawo daga Ingila daidai take da wutarmu, har bakin filoginta, amma ta Amurka ta bolt 120 ce, kina jona ta kai tsaye ta ƙone. Na gyara irinsu a shago ba ɗaya ba ba biyu ba, duk 'yan gwanjo.

Dakta Hadiza, Abadin
In kuma wutar ta tafi a awannin farko, kada a zauna jira. Akwai ɗanyen ƙwai a ciki. A ɗauke kwanon a mayar tukunya kan gas a ci gaba.

Rabi, Damagaram
Ina bin ku tun shekaranjiya ban ce komai ba. Sukari mai duhun nan ne ba mu da shi a nan. Mazarƙwaila za ta yi? Dabino kam ba a magana, na Bilma da na Aljeriya duk suna kasuwa.

Hajiya Binta, Lesta
Rabi, ai mazarƙwaila ita ce ma asalin abin. Sukarin da suke kira maskobado ruwan rake ne da ba a tace baƙinsa ba, ɗan uwan mazarƙwaila ne na jini. Ki daka ta ta yi laushi, ko ki narkar da ita a cikin shayin da za ki jiƙa zabibi. In za ki yawaita dabino ki rage ta, don zaƙin zai yi yawa har ya hau kai. Kada dai dabinon ya wuce rabi, yana narkewa ya zama kamar taliya ta dahu ta wuce, zabibi ne ke ba haƙori abin taunawa.

Bashir, Landan
Ina karatun tarihi ne, ba girki ba, amma ku ba ni dama. Abin da ke ba ni dariya da wannan abinci na gargajiyar Ingila shi ne kusan babu abin da ke ba shi ɗanɗano da ke tsirowa a Ingila. A 1927 hukumar tallata kayan daular Birtaniya ta fitar da ma'aunin fudin daga mai dafa wa Sarki George na Biyar abinci, kowane sinadari da ƙasar da za a sayo shi: zabibi daga Ostareliya da Afirka ta Kudu, tuffa daga Kanada, kanumfari daga Zanzibar, giyar rake daga Jamaika. Wato taswirar mulkin mallaka ce a cikin kwano. Ƙananan zabibin nan ma, karant, sunansu daga birnin Korinti na Girka ya samo asali. Sunan fudin ɗin Kirsimeti kuwa ana danganta fara buga shi ga littafin girkin Eliza Acton na 1845. A zamanin, talakan da ba shi da babbar tukunya a tukunyar tafasa kayan wanki yake dafawa, a ƙulle cikin ƙyalle, shi ya sa a tsofaffin zane-zane za ku gan shi mulmulalle kamar ƙwallo. Saboda haka mai cewa tukunyar lantarki ta ɓata al'ada, ya tuna daga tukunyar wanki aka taso.

Anti Saratu, Jos
Ɗana Bashir, ka manta da sisi. Ana jefa kuɗin azurfa a cikin ƙullun, wanda ya tsinta a rabonsa an ce shekararsa za ta yi kyau. Mama kan sa, mu yi ta tono da cokali kamar kaji.

Bashir, Landan
Haka ne Mama. Sisin ma an daina karɓarsa a Ingila tun 1980, amma akwai gidajen da suka adana nasu don wannan ranar kawai.

Dakta Hadiza, Abadin
Maman Hanif na da ƙananan yara, Kaka kuma wataƙila haƙoran roba ne. A bar sisin nan don Allah.

Maman Hanif, Manchesta
Jama'a an sauke! Na raba biyu kamar yadda Hajiya ta ce, duka sun shiga da yake tukunyar doguwa ce. Na kunna bayan asuba, na kai yara makaranta, na yi cefane, na dawo har na yi barci, na kashe ƙarfe biyu da rabi. Ruwan ko yatsa ɗaya bai ragu ba. Na soka tsinke ya fito fes. Ɗaya ya yi kyau, baƙi sumul. Ɗayan samansa ya ɗan jiƙe ya yi fari-fari a gefe guda, ina jin ban ɗaure zaren da kyau ba. Kuma gaskiya bai kai na kanti baƙi ba. Na ɓata ne?

Hajiya Binta, Lesta
Ba ki ɓata ba, barka da aiki. Mai jiƙewar ruwan murfi ne ya ɗiga ya sami hanya. Ki cire takardar ki bar shi ya sha iska har ya huce, shi za ku fara ci, kada ki ajiye shi. Gaba in za ki yi, ki shimfiɗa tawul ɗin kicin a ƙarƙashin murfin ya riƙa tsotse ɗigon, gefensa kawai kada ya sauko jikin tukunyar. Baƙi kuma zai ƙaru ranar ɗumame, don za ki sake mayar da shi tukunyar da tafasasshen ruwa awa uku a High, ƙarami awa biyu ya isa. In kina son ya yi baƙi wuluk irin nasu, sai ki ƙara babban cokali ɗaya na baƙin ruwan raken nan mai kauri da ake sayarwa a jan gwangwani.

Ummi, Kano
Da me ake ci? Haka nan gaya?

Hajiya Binta, Lesta
Su da miyar bota da burandi suke ci, ko kirim. Mu kastad, da zafinsa. Kuma yanka kaɗan ake yi, Ummi, ba irin yankan kek ɗin biki ba. Cokali huɗu ya ƙosar da ƙato.

Malam Nura, Kaduna
Na ga hoton. Wallahi kamar an kife tuwon dawa an shafa masa daddawa. Amma uwargida ta karanta bayanin Hajiya ta ce in tambaya, a madambaci zai yi?

Hajiya Binta, Lesta
Malam Nura da kansa! Ka gaishe ta, ka ce zai yi, awa shida zuwa takwas, wuta kaɗan-kaɗan, ta ajiye butar ruwan zafi a kusa don ƙari. Kai kuma aikinka tura gawayi.

Maman Hanif, Manchesta
Na dawo da labari. Jiya muka kai wa Kaka nata. Ba mu kunna masa wuta ba, ita ce ta tsinko ganyen nan mai ƙaya da jajayen 'ya'ya daga shingenta ta soka a kai, ta ce 'ya'yan guba ne kada yara su taɓa, ta cire kafin a yanka. Ta ɗanɗana ta yi shiru, har gabana ya faɗi. Can ta ce kanumfari ya ɗan yi yawa, kuma na uwarta ya fi wannan jiƙa, ita karas take gogawa a ciki tun lokacin yaƙi da sukari ya yi wuya. Sannan ta miƙo faranti a ƙara mata. Ta ce baɗi ranar Lahadin juyawa in kawo kwanon gidanta, ita za ta zauna ta ba da umarni, yara su juya. Hanif bai ci ba, ya ce kamar magani, ya shanye kastad ɗin kawai.

Yanzu saura kusan rabi a firij. Kaka ta ce a yanka fale-fale a soya da bota a yi karin kumallo. Hajiya, da gaske take ko tsokana ce?

Anti Saratu, Jos
Da gaske take. Wuta kaɗan, minti biyu kowane gefe, har bakinsa ya ɗan yi ƙanzo. Man shanu ya fi bota in kina da shi.

Rabi, Damagaram
Karas ɗin nawa ake sawa? Na jiƙa zabibina tun daren jiya.